Allon Ruwan Idris

Wata Laraba ce da hantsi, cikin hunturu. Ina kan rufin gidana a Al-Azizya ina shanyar kayan makarantar yara, iska mai sanyi tana kaɗa su suna marina a fuska, sai na ji wayar falo tana ƙara. Ban yi sauri ba, don na ɗauka maƙwabciya ce ke neman aron tukunya. Da na ɗauka sai na ji muryar Nawal, matar yayana Idris. Ba ta gaishe ni ba. Ta ce, "Rukayya, Idris ya faɗi a Uhudu." Sannan ta ce da Larabci Allah ya karɓi abinsa. Baƙi ya kai ziyara a motar da yake tuƙawa, ya sauke su, ya tsaya gefen masu sayar da dabino yana shan shayi, sai kawai aka ga ya zauna a ƙasa. Likita ya ce zuciya ce. Shekararsa ashirin da tara. Na ajiye wayar, na tarar har lokacin jiƙaƙƙiyar safar ɗana tana hannuna. Abin da ya fara zuwa raina ba fuskarsa ba ce, ba kuma 'ya'yansa biyu ba. Wani ɗan gwangwanin fensir ne da ke ƙasan akwatina, wanda na yi shekara goma sha biyar ina cewa zan nuna masa abin da ke ciki.

A unguwar Ƙurban ta Madina muka tashi, a wani lungu da ba shi da nisa da masallacin Ƙuba. Mu biyu kaɗai Allah ya bar wa iyayenmu, Idris da ni, ya girme ni da shekara huɗu. Baba kafinta ne, ƙofofi yake yi, shagonsa yana manne da gidan, har idan yana yanka katako kofunan shayi suna rawa a kan faranti a ɗakin Inna. Aikina kafin in tafi makaranta shi ne in share garin katako daga bakin shagon in zuba a buhu, in tsince ƙusoshin da suka lanƙwashe in tara a gwangwanin madara, Idris ya miƙe su da guduma idan ya dawo. Inna tana dakan yaji wa masu tsire na unguwar, don haka tufafinmu kullum ƙamshi biyu suke yi, na ƙuli da citta, da na ɗanyen katako. Da yamma mu 'yan mata mu zauna a dakalin gida muna carafke da ƙwallon dabino. Inna da Baba su yi mana Hausa, mu mu amsa da Larabci, sai idan muna son wani abu ƙwarai, a nan ne Hausarmu ke dawowa tsaf.

A lokacin gonakin dabino ba su ƙare a bayan unguwarmu ba. Kowace gona tana da birka, wato tafkin siminti da inji ke cikawa da ruwan rijiya kafin a sake shi cikin kwalbatoci. A nan yaran Madina ke koyon iyo, a nan ma Idris ya koya, a ɓoye, yana shanya wandonsa a kan katangar gona kafin ya dawo gida. A ɓoye, domin Inna ba ta son ruwan da ya wuce gwiwa. Tana 'yar shekara bakwai iyayenta suka tsallako teku da ita daga tashar jiragen ruwa ta Sawakin a jirgin katako, bayan sun yi shekaru a hanya daga ƙasar Kano. Jirgin ya bugi dutse ana hangen gaɓa, manya suka sauka cikin ruwa suna miƙa yara hannu zuwa hannu. Ƙanenta Ɗahiru ya kuɓuce tsakanin hannu biyu, ba a sake ganinsa ba. Sau ɗaya tak ta ba mu labarin, tana tankaɗen yaji, ba ta ɗago kai ba. Amma duk wanda ya ga yadda take juyar da baho ta kife shi da zarar an gama wanki ya san labarin bai ƙare ba.

Shekara biyu bayan yaƙin Kuwait, mai sayar wa Baba da fenti ya ba shi kalanda, ya rataye a shago kusa da agogo. A ɗaya daga cikin shafukan akwai hoton wani mutum tsaye a kan dogon allo, ruwa ya tashi a bayansa kamar katangar gida, ya buɗe hannuwa. Allon yana ƙyalli. Watan ya wuce, aka juya shafi, Idris ya mayar da shi. Aka sake juyawa, ya sake mayarwa. Wata rana Baba ya tsaya bayansa, ya cire tabarau, ya daɗe yana duban hoton irin dubansa na mai sana'a, sannan ya ce, "Ya walad, kai yaro, ai wannan katako ne kawai." Idris ya ce, "To yi mini, Baba." Baba ya yi dariya ya ce shi ƙofar da ake shiga gida yake yi, ba wadda ake shiga teku ba. Amma washegari na ga ya auna hoton da fensir, yana kwatanta tsawon allon da tsawon mutumin, yana rubuta lambobi a bango.

Yadda yake ƙofa haka ya yi shi. Ya haɗa ƙashin ciki da farin katako mara nauyi, ya rufe sama da ƙasa da siririn falanki, ya bar cikin fayau don ya yi iyo. Ya lanƙwasa hancin da ruwan zafi da duwatsu, kwana uku. Daga nan aka shiga guga. Girman kafinta a wurin Baba yana cikin santsin aikinsa. Idan ya gama ƙofa sai ya sa mai ita ya rufe ido ya shafa, in yatsa ya ji wani abu, to ba a gama ba. Haka ya yi wa allon. Ya goge da sanfefa mai kaushi, ya koma mai laushi, ya shafa warnish, man ƙyallin katako, ya bari ya bushe, ya sake gogewa, ya sake shafawa, har sau uku. Ni ce mai korar ƙuda da mafici kada su sauka kafin ya bushe. Ranar da aka gama na ga fuskata a jikinsa. Maƙwabta suka riƙa leƙowa, wani tsoho Bazabarme da ke gyaran keke ya tambayi Baba ko makara ce ta masu kuɗi. Ban taɓa ganin Baba da Idris kusa da juna kamar a makonnin nan ba. Da cokali ɗaya suke motsa shayi, kowa yana ƙarasa maganar ɗan'uwansa.

Inna ba ta hana ba, don ba ta saba musu da Baba a gabanmu. Sharaɗi ta kafa. Ta je kasuwa da kanta ta sayo doguwar igiya shuɗiya, ta auna da hannu, gaba arba'in. Ta ce za a ɗaura wa Idris a ƙugu, ɗayan bakin a ɗaure a ƙarfen bayan mota, kuma ita ma za a tafi da ita. Idris ya ce wa ya taɓa ganin an ɗaure mutum kamar akuya a teku. Baba ya raba gardamar. Ya ce a yi yadda Inna ta ce, amma ranar da Idris ya tsaya da ƙafafunsa a kan allon har ruwa ya kawo shi gaɓa, ranar za a kwance igiyar, don ya nuna ya iya. Inna ta dubi allon, ta dubi Idris, ta ce ta yarda. Ina jin a ranta ta ɗauka ba a tsayuwa a kan ruwa, hoton kalanda ƙaryar masu fenti ce.

Ranar Alhamis ba makaranta a wancan zamani. Bayan sallar asuba muka loda allon a bayan wanet ɗin Baba, motarsa ta ɗaukar kaya, nannaɗe da bargo, da tabarma da fulas na shayi da tukunyar shinkafa. Muka bi hanyar Badar tsakanin baƙaƙen duwatsu, har ƙasa ta buɗe, iska ta sauya ƙamshi. Wani direba ne ya kwatanta wa Baba wurin, kusa da Rayis, ƙaramin garin masunta, da masallaci da 'yan shaguna da kwale-kwale a kife. Yawancin gaɓar nan duwatsun murjani ne ke tare ruwa tun daga nesa, shi ya sa tekun ke kwance. Amma akwai wani ɗan tsagi da yashi ne zalla har ciki, idan iskar arewa ta yi kwana biyu tana busawa cikin hunturu, ruwan yana tasowa layi-layi ya karye a kan yashin. Inna tana ce masa raƙumin ruwa, mu muna cewa mauj. Bai kai ko rabin na kalanda ba, iyakarsa ƙirjin Idris. Duk da haka da ya gan shi sai ya kasa kwance bargon don ɗoki.

Ni aka ba igiyar. Aikin ba ƙarami ba ne: idan Idris ya kwanta a kan allon yana tuƙi da hannu zuwa ciki, in riƙa saki a hankali, idan mauj ya ɗauko shi in riƙa jawowa da sauri ina naɗewa a gabana kada ta harɗe masa ƙafa. Baba yana tsaye cikin ruwa zuwa gwiwa, ya naɗe ƙafar wando, agogonsa a cikin hula. Inna tana can bayan mota a kan tabarma, ta ba teku baya, carbi a hannu, ba ta juyowa sai ta ji na yi ihu. Allon ya yi iyo kamar yadda Baba ya ce. Idris ya koyi kama mauj tun ranar farko, a kwance ruwa ya kawo shi har gabana, yana dariya da yashi a haƙora. Tsayuwar ce ta ƙi. Zai dafa, ya ɗago ƙirji, ya jawo ƙafa, da zarar tafin ƙafarsa ya taɓa allon sai ya zame, allon ya yi gaba, shi ya yi baya. Sau ashirin, sau talatin. Ko a kwance ma sai ya rungume shi da ƙarfi don kada cikinsa ya sulale. Ya fito yana cewa, "Rukayya, ke ce kike jan igiyar nan da mugunta." Na ce, "Ni na sa maka sabulu a ƙafa?"

A hanyar dawowa Baba ya yi ta tunani a fili. A ganinsa allon ne ke tirjewa a cikin ruwa, shi ya sa yake fizgar yaron ya kayar da shi. Abin da ke tirjewa kuwa, a saninsa na kafinta, bai gama gogewa ba ne. Mutumin kalanda allonsa yana ƙyalli kamar madubi. Don haka cikin makon ya sake kwantar da shi a kan benci, ya goge, ya ƙara warnish, sama da ƙasa. Ba wanda ya ce masa a'a. Mu mutanen tudu ne, babu wanda ya taɓa ganin irin wannan allo da idonsa a duk Ƙurban.

Ni na gani, a zuwanmu na huɗu. Ana hutun cin abinci, Inna ta aike ni in zubar da ƙashin kifi nesa da tabarma. Na bi bayan wani tudun yashi ina tsintar kwanson ruwa, sai na ga wata farar mota, da wasu Turawa biyu, miji da mata, irin masu aiki a kamfanonin garin Yanbu. Suna haɗa kaya za su tafi. A ƙasa ga allo irin na kalanda, amma samansa ba ya ƙyalli ko kaɗan, duk ya yi dabbare-dabbare da wani farin abu kamar busasshen koko. Matar tana sanye da abaya da ta yi mata gajarta. Ta yafito ni. Ta nuna can inda motarmu take, ta kwaikwayi mutum yana zamewa, hannuwa sama, ta yi dariya, ba dariyar raini ba. Ashe sun daɗe suna kallonmu. Ta kama hannuna ta ɗora a saman allonsu ta ja, hannuna ya ƙi tafiya. Ta juya allon ta ɗora hannuna a ƙasansa, ya sulale. Sannan ta ciro wani ɗan farin dunƙule daga aljihun mota, ta goga a sama, ta buga wurin da tafin ƙafarta, ta ce da Larabcinta na koyo, "Sham'a. Fog, fog." Wato kaki, a sama. Ta danƙa mini dunƙulen a hannu ta rufe yatsuna a kai. Yana ƙamshin kwakwa. Kafin in gama juya shi sun tayar da mota.

Da gudu na dawo. Baba da Idris sun tafi masallacin garin sallar azahar, Inna kaɗai na tarar tana goge tukunya da yashi. Na zayyana mata komai ina haki, na ce yau Yaya zai tsaya. Ta karɓi kakin, ta shinshina, ta danna da babban yatsa ta ga yadda yake kamawa. Inna ba ta yi makaranta ba, amma nan take ta gane, na ga ta gane. Ta daɗe tana duban igiyar da ke naɗe a kan yashi. Sannan ta ce, da murya ƙasa-ƙasa, "Idan ya tsaya me Babanku ya ce za a yi?" Na ce za a kwance igiya. Ta ce, "To." Ta mayar mini da kakin a hannu ta ce in je in jefa a ruwa. "Ba ki ga kowa ba, ba ki ji komai ba. Kina so ki koma Madina ke kaɗai a bayan mota?" Ban taɓa ganin tsoro tsirara a fuskar babba ba sai ranar. Na je bakin ruwa, na ɗaga hannu kamar na jefa, na cusa shi cikin safata.

A gwangwanin fensir ɗina na makaranta na ɓoye shi, ƙarƙashin rula da abin fiƙe fensir. Kullum yana cikin jakata. Ana karatun tarihi in buɗe kaɗan in shaƙi ƙamshin kwakwa, har wata ƙawata ta zarge ni da cin alewa ni kaɗai. Da zafin Madina ya shigo, na manta jakar a bayan taga, kakin ya narke ya bi ƙasan gwangwanin ya daskare, da guntun jan fensir a tsakiyarsa. Sau da yawa na tsaya a ƙofar shago da gwangwanin a hannu, Idris yana miƙe ƙusoshi, in buɗe baki, sai in ji ƙarar taɓaryar Inna daga cikin gida, in tambaye shi wani abu dabam. Ba tsoron duka ba ne, Inna ba ta dukanmu. Na yarda ne cewa idan na faɗa, kuma ruwa ya tafi da shi, ni ce hannun da ya kuɓuce daga ciki.

Hunturu uku muka yi muna zuwa. Kowace shekara Baba ya sauke allon ya ƙara gogewa, ya ƙara shafi, har ya kai tara. Kowace shekara santsin na ƙaruwa. Idris ya gwada da safa, ya gwada da takalmin roba, ya gwada durƙuso. Dariyar ta ragu, daga baya ta ɗauke. Ina riƙe da igiya ina kallo, tafin hannuna ya yi kanta. A zuwanmu na ƙarshe iska ta yi ƙarfi fiye da kullum. Ya kama wani babban mauj, ya miƙe har ya kusa daidaita, na ji Baba ya ce Allahu Akbar, sai ƙafar ta tafi. Gefen allon ya same shi a baki. Ya fito da jini a haɓa, haƙorinsa na gaba ya karye rabi, wasu samarin garin da ke zaune a kan kwale-kwale suna tafa masa. Shekararsa goma sha bakwai, ga igiya a ƙugu. Baba ya je da hularsa zai danne masa jinin, yana cewa gobe zai duba hancin allon, wataƙila a nan matsalar take. Idris ya ture hannunsa ya ce, "Halas, ya isa, Baba. Ƙofa ka iya. Wannan ba ka iya ba, ba za ka taɓa iyawa ba." Baba ya sunkuya ya kwance igiyar daga ƙugun Idris da kansa, ya naɗe ta, ya ɗauki allon ya kai mota.

Ba su yi faɗa ba bayan haka, da ma sun yi. Idris ya nemi gafara a daren, Baba ya ce ya yafe, kuma na san ya yafe. Amma Idris ya daina shiga shago, Baba ya daina kiransa. Allon ya koma saman bango kusa da rufi, ƙura ta rufe ƙyallin. Da Idris ya gama sakandare bai karɓi zarto ba, tuƙi ya koya, ya riƙa kai baƙi wuraren ziyara. Suna cin abinci a faranti ɗaya suna maganar farashin tumatir. Ni kuma aka yi mini aure, na koma Al-Azizya da gwangwanina a ƙasan akwati. Shekara biyar bayan karyewar haƙorin Baba ya kwanta ciwon da bai tashi ba. Wata la'asar ina ba shi kunu, ya dubi tafin hannunsa ya ce, "Allon yaron nan. Har yau ban gano inda na kuskure ba. Da na ƙara masa shafi ɗaya, wa ya sani." Inna tana zaune a bakin gadon. Na dube ta, ta dubi bango. Na ce, "Sha kununka, Baba." Abin da na ce ke nan.

Bayan an yi kwana uku na zaman makoki, muna wanke kofuna ni da ita, na ce, "Inna, ya tafi bai sani ba." Ba ta tambaye ni me ba. Ta ce, "Ga Idris can yana shimfiɗa tabarma, tsaye da ƙafafunsa. Ko ba shi ba ne?" Na ce shi ne. Ta ce, "To." Ba mu sake ɗaga maganar ba. Daga lokacin ba umarninta ke riƙe da ni ba, kunya ce. Tun Baba yana raye da na faɗa, da gyara ne. Bayan ya tafi, me zan ce wa Idris? In ce maganar da ta raba ka da mahaifinka, maganinta yana jakar makarantata?

Mako uku kafin rasuwarsa ya kira ni da rana, muryarsa kamar ta yaron nan na Ƙurban. Ya ce ya ɗauki wasu baƙi daga Afirka ta Kudu, ɗaya daga cikinsu mai hawan mauj ne a ƙasarsu, hira ta kai su ga allon. "Rukayya, kin san me? Kaki! Kaki ake gogawa a sama. Kyandir ma yana yi. Mutumin ya yi dariya har da hawaye da na ce shafi tara. Ya ce yadda Baba ya haɗa cikin, haka mutanen da suke yi. Kin ji? Hannun Baba daidai yake. Abu ɗaya ne ba mu sani ba, dukanmu." Na ji yana jan hanci. Ya ce ya ɗauko allon daga tsohon shago, yana gyara shi, kafin sanyi ya wuce za mu je Rayis. "Ke za ki riƙe igiyar, amma wannan karon a hannunki kawai, don tarihi. Kada ki ja da mugunta." Na buɗe baki. Na ce, "Yaya, akwai maganar da nake so mu yi, amma ba ta waya ba. Alhamis zan zo." Ya ce, "Allah ya sa ba rance ba ne, ni talaka ne." Tsakanin gidana da nasa tafiyar minti ashirin ce a mota. Alhamis ta farko na ce yaro yana zazzaɓi, kuma gaskiya ne. Ta biyu na shirya har na sa gwangwanin a jaka, sai na zauna a bakin gado har aka kira la'asar. Ta ukun ita ce washegarin ranar da Nawal ta kira.

An yi masa salla a Harami, maza suka wuce da shi maƙabartar Baƙi'a, mu muka koma gida. Inna ta tsufa sosai a lokacin, idonta ya yi rauni. Mata suna shiga suna fita suna yi mata gaisuwa, tana amsawa daidai, ba ta yi kuka a gaban kowa ba. Da ɗakin ya ragu ta laluba ta kama hannuna ta juya tafin, ta shafa inda igiya ta taɓa yi mini kanta. Ta ce, "A tudu, Rukayya. Da kofin shayi a hannu." Na ce haka Allah ya so. Sannan ta ce, "Ba ki jefa ba, ko?" Na ce ban jefa ba. Ta gyaɗa kai kamar dama ta sani. Ta ce, "Da kin ƙi jin maganata." Ban san ko tambaya ce ko roƙo ba.

Bayan kwana bakwai Nawal ta ce in hau rufi in ga wani abu, ita ba ta iya hawa. Allon yana kan kujeru biyu a inuwar tankin ruwa. Warnish ɗin Baba ya tsage saboda shekaru, Idris yana kankare shi daga sama don ya sake shafi ɗaya siriri. Ya faro daga hanci. Inda ya kankare, farin katakon ya fito, har ana ganin lambobin da Baba ya rubuta da fensir. A gefe ga sanfefa a naɗe jikin guntun katako, yadda Baba ke naɗewa, ga kwalin kyandir ba a buɗe ba, ga shuɗiyar igiyar ta koɗe. Ɗansa na fari, mai shekara biyar, ya biyo ni ya ce Babansa ya ce jirgi ne, kuma Kaka ne ya ƙera.

Yanzu gonakin bayan Ƙurban sun zama gidaje, an cike birkokin, shagon Baba ana sayar da wayoyi a ciki. 'Ya'yana idan suna son sanin abu, kafin in gama tambaya sun samo amsa, ba za su gane yadda mutum uku za su yi hunturu uku a kan abin da guntun kyandir zai warware ba. Idan iskar arewa ta taso ina shanya, nakan tsaya in ce yau akwai mauj a Rayis. Inna ta bi su bayan shekara biyu. Ba na ganin laifinta, ta ga abin da ban gani ba. Nawa laifin na san girmansa, ba na ƙara masa, ba na ragewa. Na roƙi Nawal ta bar mini allon, yana ɗakin ajiyata a jingine, gwangwanin fensir a ƙasansa. Rabin sama a kankare yake, rabi yana nan da ƙyallin Baba. Idris bai tsaya a kansa ba, ni kuma ban faɗa masa ba.